Gidan Habibu na Tsakiyar Teku

Mu uku muka bar unguwarmu Misfala da ke Makka ranar Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba: ni, ƙanina Malam Sani, da Zulai matar ɗana Habibu. Shekara tara Habibu yana dafa wa ma'aikata abinci a wani gidan ƙarfe da ke tsaye cikin teku, inda ake haƙo mai. Ya bugo waya ya ce man ya ƙare, za a cire gidan. Na ce alhamdulillahi, ɗana zai dawo. Na sa aka share ɗakinsa, aka shimfiɗa katifa. Na ƙulle wa maƙwabtansa goro da dabino, don mu ba ma tashi daga gida ba mu sallami maƙwabta ba.

Riyad

Kujerar bas riyal ɗari da hamsin. A shingen bayan Ɗa'ifa ɗan sanda ya juya ikamarmu, katin izinin zama, ya miƙo mana. Kilomita ɗari takwas da wani abu, in ji Malam Sani. Da magariba muka sauka wajen wata 'yar Damagaram. Ta ba mu shinkafa da kaza, gishiri ya yi yawa.

Jubail

Laraba ƙarfe ɗaya Habibu ya tare mu a ƙofar tashar jiragen ruwa. Ya rame.

Na ce, "Ina jirgin da zai kai mu?"

"Inna, ba a shiga. Ga gidan can ma, an kawo shi."

Na duba. Wani ƙaton abu mai tsatsa kwance a kan jirgi, ana yanka shi da wuta.

"Ina ƙafafunsa?"

"An bar su a ruwa. Kifi sun yi gida a jiki."

"An kori mutane an bar wa kifi?"

Malam Sani ya kwashe da dariya, na harare shi.

"Maƙwabtanka fa?"

"Sun watse tun watan jiya, wasu Indiya, wasu Filifin."

Na tsaya riƙe da ƙullin goro, ba wanda zan miƙa wa. Na ce, "To ɗauko kayanka mu tafi."

Ya sunkuyar da kai. "Akwai sauran gidaje huɗu da za a cire, Inna. Masu yankan ma sai sun ci abinci. Na riga na sa hannu."

Har yau ban gane ba. Gida na tsaye yana can, an rushe gida yana can. Na dubi Zulai, na ga idonta. Na ba mai gadin tashar dabinon.

Makka

Juma'a da la'asar muka iso lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Sani da 'yar Damagaram. Washegari na naɗe katifar da hannuna. Zulai ta ce bari ta kai ta sito, na ce a'a, na jingine ta a bangon ɗakin.