Madarar Ranar Feshi

Babanmu yana da garka a Gudel, can bakin kogi a Yamai, inda yake noman shu, wato kabeji, da salati da tumatur. Tun da na yi wayo na san ranar feshi ba tare da an faɗa mini ba, domin ranar ce Inna take sayen madara. Da ya dawo, yana warin maganin ƙwari kamar an tsoma shi a ciki, za ta tare shi a bakin ƙofa da kwanon sha.

"Shanye, Malam, ta wanke maka ciki."

Haka duk masu garka suka yarda: madara tana kashe gubar feshi. Ko ranar da babu nama a miya, madarar nan ba ta fashi. Shi kuwa sai ya tuɓe rigar aiki ya ajiye mata, ta jiƙa a bokiti, ta cuɗa da hannunta.

Na girma, na yi aure a unguwar Lazaret, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Wata Asabar na je gaishe su, na tarar da Inna zaune gaban bokitin wanki, ta dafe kai. Gumi take yi ba na zafi ba, yawu na taruwa a bakinta, hannayenta duk sun yi ja sun saɓule tsakanin yatsu.

"Inna, mene ne haka?"

"Jiri ne kawai. Yana zuwa yana tafiya."

Yana zuwa yaushe? Da na matsa mata sai ta ce, to, galibi ranar da ta yi wankin Malam. Na kai ta wurin lokotoro, ya duba ta, ya ba ta magani, ya ce in kawo masa kwalbar abin da ake fesawa.

Na samu Baba a garka yana ban ruwa. Ya miƙo mini kwalbar da alfahari, yana nuna jan layin da ke gindin takardar.

"Kin ga wannan mai jan? Shi ne na ƙwarai. Mai koren nan ruwa ne, tsutsa dariya take yi masa."

Shekara da shekaru kwalbar nan tana gidanmu, ni mai karatun faransanci ban taɓa ganin wanda ya karanta ta ba. Kuma wa zai iya? Rubutun ƙanana kamar ƙwan kifi, rana ta cinye rabi. Ina jin haushin masu buga shi har yau. Mutumin da zai riƙe kwalbar nan bai je lakwal ba, idonsa ya fara rauni, amma ku rubuta masa gargaɗin da zai ceci ransa da harshen da ba ya ji!

Lokotoro ya karanta sunan maganin, ya buɗe mini wani shafi a salularsa inda aka yi bayanin irin waɗannan magunguna da illarsu. Muka bi shi tare. Jan layi ba alamar kyau ba ce, alamar haɗari mafi tsanani ce. Gubar tana shiga ta fata, ba sai an sha ba. Rigar da aka yi feshi da ita a wanke ta daban, da safar hannu ta roba. Sannan ga layin da ya fi yi mini nauyi: kada a ba da madara, ba ta maganin komai.

Na koma garka na zayyana wa Baba. Na kawo masa safar hannu da takalman roba da abin rufe hanci. Ya juya su yana dariya.

"Uwata, a zafin Yamai zan sa wannan? So kike in dahu? Ni da nake shan madarata."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya faɗi haka yawanci na sha kaye. Ranar dai ban yi dariya ba.

"Baba, kai kana shan madara. Inna me take sha? Gubar da ke rigarka a hannunta take ƙarewa. Ita ce ta kwantar da ita."

Ya dubi rigar da ke jikinsa, ya kama bakinta da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar, kuma ba don kansa ba ne. Ya karɓi safar.

Faɗa wa Inna ya fi wuya. Ta yaya zan ce wa mace abin da ta yi shekaru tana tarbar mijinta da shi bai taɓa kare shi ba? Na faɗa a hankali, ina shafa mata man da lokotoro ya bayar. Ta ce, "Ashe," ta sunkuyar da kai. Na ji tausayinta har na rasa inda zan sa idona.

Ranar feshi ta gaba na je da gangan. Baba ya dawo da wata riga daban, yana ƙanshin sabulu. Ta aikin ya wanke ta da kansa a garka, nesa da kogi, ya shanya a kan darni. Maƙwabtansa Zabarmawa sun yi ta tsokanarsa wai tsoho ya zama mai wanki, ya ce su ji da shunsu.

Inna kuwa tana bakin ƙofa da kwanon sha. Na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni.

"Na ji abin da takardarku ta ce. Wannan ba ta guba ba ce. Mijina ne ya dawo."

Baba ya karɓa ya sha rabi. Sai ya kama hannunta, ya juya shi yana duba tsakanin yatsun da suka fara warkewa, ya miƙa mata sauran.