Layin da Baba ya duba

Babanmu tsohon soja ne, amma ya tsani a tambaye shi mutum nawa ya harbe. Sai ya ɓata rai ya ce shi ba maharbi ba ne, bataliyar injiniyoyi ya yi a lokacin yaƙin basasa. Aikinsu, in ji shi, su shiga gaban kowa: su kafa gada inda aka karya, su gyara hanya, su tono nakiyar da abokan gaba suka binne a ƙasa kafin sauran sojoji su taka. Abin da ya dawo da shi daga yaƙin bai wuce wani tsinken ƙarfe mai tsawon kamu guda ba, wanda yake soke ƙasa da shi. Mun tashi muna ganinsa a soke a jikin azarar ɗakinsa, babu mai taɓawa.

A yankinmu su uku ne suka yi bataliyar nan: Baba a nan Lakwaya, wani dogo daga Kutama, da wani gajeren tsoho daga Gude wanda yatsu uku suka rage masa a hannun dama. Duk shekara bayan girbi sukan haɗu a zaurenmu. Muna yara mukan laɓe mu ji labarin yaƙi, amma a banza. Hirarsu ɗaya ce, kushe gadojin zamani. Babu kwalbatin da ke tsakanin Gwarzo da Kabo da ba su yanke masa ranar rushewa ba, kuma abin haushin, sau da yawa maganarsu takan tabbata.

Na Kutama ne ya fara rasuwa. Na Gude ya ci gaba da zuwa shi kaɗai a bayan babur ɗin jikansa, har shi ma aka aiko mana da rasuwarsa. Daga ranar da muka dawo gaisuwar nan Baba ya fara rikicewa. Sallarsa ba ta taɓu ba, yana kuma gane mu, sai dai in zai fita masallaci yakan tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kallon ƙasa.

A shekarar ruwa ya yi jinkiri ƙwarai. Ran da aka samu ruwan shuka, tun da sassafe ni da yayana muka ɗauki sungumi da ƙwaryar iri muka nufi gona. Wanda bai yi noma ba ba zai gane gaggawar ba: danshin farko ba ya jiran kowa, in ka bari ya kwana biyu sai dai ka zauna jiran wani ruwan, kuma gonar nan ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya. Muna isa muka tarar da Baba a bakin iyaka, tsinken ƙarfen nan a hannunsa.

"Kada wanda ya shiga," ya ce. "Ba a duba ba."

Yayana ya durƙusa. "Baba, ku yi haƙuri, gonarku ce fa. Shekara nawa kuna nomanta?"

"Na ce ba a duba ba."

Yaya ya ja ni gefe ya ce mu lallaɓa shi mu mai da shi gida, mu sa wa ɗakin kwado zuwa yamma. Na ƙi. Ni ne malamin makaranta a gidan, ina ganin kaina mai dabara, kuma tunanin a kulle mutumin da ya haife ni kamar akuyar da ke ɓarna ya tsaya mini a rai. Na koma na ce, "To Baba, ku shiga gaba ku duba mana, mu biyo ku."

Fuskarsa ta saki. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ko a sujada sai ya yi nishi, ya fara soka ƙarfen a karkace, a hankali, taƙi bayan taƙi. In ya ji tauri sai ya ajiye ƙarfen ya share ƙasar da yatsu, ya fito da tsakuwa ko tsohuwar tushiyar dawa, ya ajiye gefe da hannu biyu. Ban taɓa ganin aikin da ya yi a soja ba sai ran nan, kuma na rantse hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya ce mu riƙa sa ƙafa daidai inda ya sa gwiwa.

Har azahar layi ɗaya bai kai ƙarshe ba. Maƙwabtanmu na gona sun shuke rabin tasu, suna satar kallonmu suna kau da kai. Saman ƙasar ya fara yin fari. Sai haƙurin nawa ya ƙare, ni ɗin da na kawo shawarar. Na karɓi sungumin daga hannun Yaya, na zagaye Baba, na shiga inda bai duba ba na kai sara.

Bai yi ihu ba. Ya ɗago ya kira ni da wani suna da ba nawa ba, sunan da ban taɓa ji a gidanmu ba, ya ce, "Tsaya nan, kada ka ɗaga ƙafar. Ni na ce maka ka wuce. Ni na ce na duba." Yana ta maimaitawa, hawaye na bin gemunsa, yana rarrafowa wajena yana soka ƙasa.

A hanyar gida na ji sauran daga bakinsa, a gutsure. Mai sunan wani yaro ne ɗan bataliyarsu da ke ɗaukar musu katakon gada. Baba ya duba gefen wata hanya, ya ɗaga masa hannu ya wuce, ashe akwai nakiya guda da ƙarfen bai taɓa ba, ta tashi da yaron. Na Gude yana kusa, a nan ya bar yatsunsa. Shekara da shekaru suna zama a zaurenmu suna maganar kwalbati, ashe na Gude kaɗai ya san abin da ke cin Baba, kuma da ya tafi babu sauran mai riƙe masa.

Washegari ni na sa kwadon da hannuna. Ba Yaya ba ne, ni ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Muka shuke gonar kafin la'asar, zuciyata na can jikin ƙofar. Da na dawo na buɗe, na same shi zaune a bakin gado, ko furar da aka ajiye masa bai taɓa ba. Bai yi mini faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Sun shiga?" ya tambaya.

"Sun shiga, Baba."

"Wa ya duba musu?"

Na ce, "Ku kuka duba. Kowa ya fito lafiya."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Har yau ban sani ba ko ya yarda ne, ko kuwa tausayina ya ji. Ya miƙo mini tsinken ƙarfen ya ce in mayar da shi jikin azara. Bai sake tambayar gona ba, bai kuma sake taka waje ba sai da muka ɗauke shi, gero yana fitar da kai. Allah ya jiƙansa.

Geron ya yi kyau a shekarar, muka ci har wata damina. Amma layin nan da ya duba babu wanda ya iya kai masa sara, ni da Yaya ba mu ma taɓa yin maganar ba. Muka bar shi fili, faɗin mutum ɗaya, ya zama hanyar shiga gonar. Bai kai ƙarshe ba, a tsakiya ya tsaya, daidai inda na zagaye shi. Duk ran da na je gona ta nan nake bi, kuma in na zo wurin sai na tsaya kafin in iya ɗaga ƙafa.