Sanduna Goma na Baba Manniru

Manniru ɗan masunta ne daga Yauri. Da kogi ya daina ba da kifi sai ya zo Abuja, ya yi shekara tara yana fasa dutse a Mpape, har guduma ta cinye masa yatsu biyu na hagu. Daga nan ya samu aikin yankan ciyawa a filin wasan wata jami'a mai zaman kanta.

A filin ne Koci Thaddeus, mutumin Yangoji da ya yi karatu a waje, ya kafa ƙungiyar lakuros ta maza. Wasa ne da ake cafe ƙaramar ƙwallon roba da sanda mai raga a kai. Sandunan gwanjo ya zo da su, ragarsu duk ta ruɓe. Manniru ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Oga, ai wannan komar kamun kifi ce." Kafin la'asar ya saƙa mata sabuwa. Tun ranar shi ne mai ragar ƙungiya.

Wasansu na farko an ci su sha huɗu ba ko ɗaya. A shekara ta huɗu suka ɗauko kofi daga Legas. A hoton da aka rataya a ofis, kafaɗar Manniru ce kawai ta fito. Bai taɓa yin maganar ba.

Bana hukumar jami'a ta ce filin zai koma wurin ajiye motoci, sai fa in an sake cin kofi. In babu fili, babu mai yankan ciyawa. Shekarunsa hamsin da takwas, dutse ba zai sake karɓarsa ba, ga Iyatu matarsa da ciwon ƙafa.

Ya ga ƙwallo na yawan zame wa 'yan wasan. Bai shawarci kowa ba. Ana saura kwana ɗaya wasan ƙarshe ya warware ragar sanduna goma, ya saƙa su da zurfi yadda ubansa ya koya masa, abin da ya shiga kada ya fita.

Da safe alƙalin wasa ya jefa ƙwallo a sanda ta farko, ya duba ta gefe. Ƙwallon ta nutse ƙasa da bakin sandar. Ya kife ta, ƙwallo ta ƙi faɗowa. Haka duka goman.

"Doka ta hana wannan," in ji shi. "Minti talatin. In ba ku gyara ba, kun faɗi."

Godspower, kyaftin ɗinsu, ya ɗora hannu a ka. "Baba, ka kashe mu!"

"Baba, wane ne ya ce ka taɓa su?" in ji Thaddeus.

"Ba kowa. Miƙo min reza."

Ya zauna a ciyawar da ya yanke jiya, yana ja da yatsu takwas, yana ɗaurewa da haƙori. Zaren ya yanka shi, jini ya ɓata raga ta shida. Yana ƙulla ta goma aka busa usur.

Ragar ta yi tsauri, hannunsu bai saba da ita ba. Ƙwallo ta yi ta tsalle tana fita. Suka farfaɗo a makare, aka tashi takwas da bakwai, su ne da bakwai.

Ranar Litinin tifofi suka zube tsakuwa a tsakiyar filin. Daga launinta Manniru ya gane ta Mpape ce. Ya miƙa makullin injin ciyawa, ya ɗaure sandunan da igiya ya kai su ɗakinsa.

Yanzu gadin shago yake yi. Bayan wani tsohon ramin dutse akwai wuri shimfiɗaɗɗe, kullum da hantsi yana can yana tsince duwatsu don ya mai da shi filin wasa. Ya aika wa duka 'yan wasan goma saƙo. Asabar da ta wuce biyu suka zo.