Hajja Awadiyya Mai Jakar Goyo

Keken ɗinkin Hajja Awadiyya ya kusa yin shiru, kuma ranar da ya yi, yaranmu ne za su ji a jikinsu. Idonta ya fara dishi-dishi, likita ya ce ta haƙura da ɗinki.

Duk da haka, gari na wayewa za ka same ta a ɗan shagonta na unguwar Darrasa, bayan masu sayar da littattafai. Bahaushiyar Sudan ce, sana'arta jakar goyo. A da ɗalibai ne ke zuwa. A bana, 2014, yawanci samari ne masu shirin taka sahara zuwa Libiya, kuma maganarsu ɗaya: "Hajja, mara nauyi."

Takan rage aljihu, ta cire ƙarafa, ta zaɓi yadi shara-shara mai ƙwari. Amma soson kafaɗa da ɗamarar ƙugu ba ta taɓa su. Sai ta cika jakar da robobin ruwa ta ce, "Yalla, hau benen can ka sauko." In yaro ya dawo ta laluba kafaɗarsa, inda ya yamutsa fuska nan za ta farke ta sake. Wani saurayi, Sulaimanu, wanda aka koro daga kan iyakar Libiya, ya shaida mana cewa abokan tafiyarsa igiya ta yanka musu kafaɗa har jini, shi kuwa mai jakar Hajja ko ƙwarzane bai yi ba.

Da na ji ɗana Ukasha ya je wurinta, na bi shi a guje. Na ce, "Hajja, don Allah kar ki ɗinka masa. In babu jaka ya fasa."

Ba ta ɗago ba. "Ma'alish, yi haƙuri, Abu Ukasha. Wanda ya ƙi jin uwarsa jaka ce za ta tsayar da shi? Da buhu zai tafi. Kuma in igiya ta fara cin mutum, ruwansa yake fara zubarwa don ya rage kaya."

Na ji haushinta ranar. Ta yi wa yaron faɗa har ya sunkuyar da kai, ta roƙe shi ya zauna. Ya ƙi. Sannan ta zura zare.

Hajja, ke ce uwar masu tafiyar ƙasa. Ba ke kika tura su ba, kuma ba ki bari sun tafi da abin da zai cuce su ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa idonki haske. 'Yan uwa masu ɗinki, ku je ku zauna kusa da ita ku koya tun tana gani.

Ukasha ya kira sau ɗaya daga Sallum, dab da iyaka. Ya ce jakar tamam, lafiya lau, ruwansa na nan. Tun ƙaramar salla wayarsa a kashe take. Har yau ba mu san ko ya tsallaka ba.