Merv Dahlke, Wanda Ya Kwashe Matattunmu a Baro

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk wanda ya bi ta filin ƙwallo na Dunbarra da ƙarfe shida na safe zai tarar da tsohuwar akori-kurar Merv Dahlke a bakin ƙofa, shi kuma yana can tsakiyar fili, hannu a baya, kai a sunkuye, kamar wanda ya yar da makulli. Ba ya taɓa injin yanke ciyawa ko mesa sai ya zaga filin da ƙafa. Ya tsaya nan ya danna ƙasa da diddige, ya wuce. Ya tsaya can ya ɗaga hula, ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ya mayar da ita. Baƙo zai ɗauka tsohon ya fara zarewa. Mu 'yan gari mun san gaisuwa yake yi.

Ni ce Noelene, mai sayar muku da shayi da soyayyen dankali a tagar kantin kulob tun kafin wasunku su iya ɗaure takalmi. Asabar mai zuwa Merv zai ajiye aiki, kuma na san yadda bikin zai kasance: jawabin minti uku, tafi, sai a koma kan giya. Shi ya sa na roƙi shafin nan na jaridar gari, don akwai abin da ba zai shiga minti uku ba.

Da yawa cikinmu a garin nan ba maƙabarta muke so ba. Mutum yakan bar wasiyya a ƙona gawarsa a kai tokar fili, inda ya ƙarar da duk Asabar ɗin rayuwarsa. A da iyali kan watsa ta ne a iska, rabi ta dawo kan rigunansu, rabi ta ƙone ciyawa, don toka ba ta shiri da tsiro. Merv ne ya kawo nasa tsarin. Sai ya sa shebur ya yanko ciyawa faɗin tiren shayi, ya ɗaga ta da saiwarta, iyali su zuba tokar, ya cuɗa ta da ƙasa da hannunsa, ya mayar da ciyawar, ya yi mako biyu yana ba ta ruwa safe da yamma. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "A ina yake wasa?" Idan ɗan kallo ne, "A ina yake tsayawa?"

Mijina Nev ya buga wasa ɗari biyu da goma sha ɗaya yana tsaron baya, bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Da Merv ya zo duba shi a asibiti, Nev ya ce masa, "Kai, tsoho, ka sa ni a bakin turakun cin ƙwallo, tsakiya sosai. Ko sau ɗaya dai in isa wurin."

Merv ya ce, "Zan sa ka. Amma na san ka, ko a can ɗin ma sai ka bauɗe."

Suka yi ta dariya har nas ta leƙo. Bayan kwana tara Nev ya rasu, Merv kuma ya cika alkawari.

Sai dai filin nan da muke ƙauna, a faɗi gaskiya, ya tsufa. Da sanyi ya shigo, wanda a nan shi ne lokacin ruwan sama, yakan koma taɓo. Ruwan wanka a ɗakin 'yan wasa kamar daga firji yake fitowa, 'yan matanmu kuwa a cikin mota suke canza kaya. Shekara ashirin da shida ba mu ga kofi ba, kuma duk matashin da ya iya wasa sai babban gari ya ɗauke mana shi. A tagata na sha jin musun har na haddace. Stumpy Rohrlach, wanda muryarsa ta fi jiniyar tashi daga wasa ƙarfi, yakan ce, "Wai fili ne wannan ko gonar shinkafa? Wane yaro ne mai hankali zai zo atisaye a nan?" Tsofaffi su ce masa, "A taɓon nan muka ci kofi uku, kai kana ina?" Shi kuma ya ce, "Ina cikin zanen goyo, kuma tun lokacin ba a gyara famfo ba."

Da tallafin gwamnati ya zo, aka kira taro. Shugaban kulob, Trent Ziersch, ya baje zane a bango: fitilu, ɗakin motsa jiki, ɗakin mata, ruwan zafi. Filin kuma za a kwashe ƙasarsa har zurfin gwiwa, a shimfiɗa bututu da yashi, a kawo sabuwar ciyawa. Aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga nawa, kuma da farin ciki na ɗaga. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka na fi shi.

Merv na zaune a baya kusa da ƙofa. Ya ce, "Trent, ƙasar da za ku kwashe, ina za ta?"

Trent ya duba takarda. "Za a cike tsohon ramin fasa dutse da ita, ina jin."

"To," in ji Merv.

A lokacin ne na tuna Nev, kuma na ga fuskoki da dama sun tuna nasu. Kunya ta rufe ni. Amma an riga an sa hannu a kwangila, kuma katafila za ta iso bayan mako uku. Wani ya yi tari, aka wuce zuwa maganar kalar fenti.

Washegari Merv ya fara. Yana da shekara saba'in da uku, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Babu alama ko ɗaya a filin, ba a taɓa kafa ko tsinke ba, duk a kansa suke. Sai ya tsaya a gindin turke ya ƙirga taku, ya daidaita kafaɗarsa da kusurwar kanti, ya sa shebur. Ya yanko ciyawar tare da ƙasar da ke ƙarƙashinta, ya ɗora a baro, ya tura zuwa mota. Biyu a rana, wani lokaci uku. Mutum talatin da takwas ne. Ya yanka tsofaffin durom gida biyu ya jera a bayan gidansa, kowa da nasa.

Stumpy ya same shi a rana ta biyar, ya ce, "Merv, ta yaya ka san nan ne? Duk ciyawa ɗaya ce."

Sai Merv ya juya ƙasar da bakin shebur. Ga fari-farin toka nan a ciki. Ya ce, "Babanka ne. Ka riƙe mini baron, yana karkacewa."

Stumpy da bakinsa ya ba ni labarin nan, kuma bai iya kai shi ƙarshe ba. Daga ranar shi ne ya riƙa tura baro har aka gama, kwana biyu kafin katafila.

Sai bazara ta zo da fari irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Ƙaramar hukuma ta hana ba shuka ruwa da mesa. Tankin ruwan sama na gidan Merv ya ƙafe a tsakiyar Janairu, watan da zafi ya fi tsanani a nan. Abin da ya rage sai ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, don haka ya riƙa wanka a tsaye cikin baho yana tarawa, ruwan wanke-wanke ma bai bar shi ya zube ba. Wasunmu sun riƙa kai masa bokiti idan sun tuna. Ni nakan kai ranar Talata da Juma'a, kuma akwai makon da zafi ya hana ni fita, ban kai ba. Ruwan bai taɓa isar durom talatin da takwas ba.

Wata safiya a ƙarshen Fabrairu na shiga bayan gidan da bokitina. Duk suna nan, wasu sun yi rawaya amma da ransu. Na Nev kore ne. Ɗaya kawai a ƙarshen layi ya bushe ƙurmus, na taɓa shi ya marmashe a hannuna.

Na ce, "Na wa ne wannan, Merv? Ka faɗa wa iyalinsa?"

Ya ce, "Glenys ce."

Glenys matarsa ce. Shekara talatin ita ke wanke rigunan 'yan wasa a injin gidanta, ita ke shiga fili da tiren lemo idan an tafi hutun ƙarshe na wasa. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma shi da kansa ya ɗaga mata ciyawa a inda take tsayawa da tiren.

Na ce, "Don me, Merv? Don me ba ka fara da ita ba?"

Ya ce, "Sauran amana ce, Noelene. Idan ɗaya ya mutu sai na je na ƙwanƙwasa ƙofar wani. Ita kuwa tawa ce. Kullum nakan ce idan ruwa ya rage ita ce ta gaba, sai bai rage ba." Ya karɓi bokitin daga hannuna. "Shekara arba'in da ɗaya tana jira in gama da fili kafin in zo kanta. Ta saba."

Na ce masa ai tana nan cikin ƙasar, ciyawa ce kawai ta mutu. Ya ce ya sani, amma shi ciyawa ce kaɗai abin da ya iya. Na tsaya a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka sa Nev, kuma har yau idan na tuna makon nan da ban kai ruwa ba sai zuciyata ta yi mini nauyi.

Da sabon fili ya kammala, duk mun ɗauka za a mayar da kowa wurinsa. Ɗan kwangilar da ya shimfiɗa ciyawar ya ce a'a. Tsohuwar ciyawarmu mai yaɗo ce, idan ta shiga cikin shekara biyu za ta cinye sabuwar. Trent ne ya je ya faɗa wa Merv, ya kasa haɗa ido da shi. Stumpy ya so a yi rigima, Merv ya hana. Ya ce, "Gaskiyar mutumin ce. Da ni ne ma haka zan ce." Ya roƙi tudun da ke bayan turakun arewa, wajen shinge, inda motoci ke jeruwa suna danna hon idan mun ci ƙwallo. A nan ya dasa su, ya tsara su kamar yadda suke a fili, na baya a baya, na gaba a gaba, 'yan kallo a gefe. Glenys ma ya sa ta a wurinta, ƙasa tsirara.

Bara muka ci kofi. Na yi ihu har muryata ta dishe, kuma ba zan yi ƙarya ba, fitilun nan da ruwan zafin nan sun dawo mana da yaranmu. Har yanzu ana musu a tagata. Wasu su ce ɗakin motsa jiki ne ya kawo kofin, wasu su ce koci ne, wasu su ce filin ya yi kyau amma ya daina zama namu. Ni dai na san cewa a daren murnar an gode wa gwamnati, an gode wa ɗan kwangila, an gode wa mai fenti, ba a ambaci Merv ba. Sabuwar doka kuma ta hana zuba toka a cikin fili, yankan ciyawa ya koma hannun kamfani. Wannan ne ajiye aikin da za mu yi wa biki.

Makon jiya na same shi a kan tudun, durƙushe a kan gwiwarsa mai lafiya, da almakashi a hannu. Ciyawar maƙwabta ta miƙo yaɗo ta kowane gefe tana neman rufe wurin Glenys, shi kuma yana datsewa.

Na ce, "Haba Merv, ka bar ta mana ta rufe. Ai abin da kake so ke nan."

Ya ce, "Ba yanzu ba. Wurin na mutum biyu ne. Idan na zo sai ku bar ta ta rufe mu gaba ɗaya." Ya ci gaba da datsa. Can ya ce, "Abin da ban sani ba shi ne wa zai sa shebur ɗin. Ban koya wa kowa ba."

Merv, kai ne wanda ya tuna da matattunmu ranar da mu masu su muka manta. Kai ne ka yi tambayar da ta kamata mu yi, kuma ba ka taɓa goranta wa kowa ba. Ka shayar da mazajenmu da iyayenmu da ruwan wankanka, ka bar taka ta bushe. Ban san kalmar da ake biyan wannan da ita ba. Na gode, a madadina da Nev, da sauran gidaje talatin da shida.

Ku kuma 'yan Dunbarra, kofi yana nan a cikin gilashi, ba inda za shi. Abin da ke cikin kan Merv ne ba shi da gilashi: wane ne a ina, taku nawa daga shinge, yadda ake ɗaga ciyawa ba a kashe ta ba. Ranar Asabar, kafin jawabi da giya, ni da Stumpy za mu kasance a kan tudun da ƙarfe tara da shebur ɗinmu, Merv ya yarda zai nuna mana. Duk mai wani a wurin ya zo, wanda ba shi da kowa ma ya zo, don wata rana zai samu.

Za mu koya, Merv, kuma ranar da za ka zo za ka tarar da hannun da ya iya. Amma kada ka yi sauri. Glenys za ta ƙara jira, mu ne ba mu shirya ba.