Ni Na Kashe Jarumin Littafin Hafsa

Jama'a, da hannuna na hura gawayin shayi da shafukan ƙarshe na littafin da 'yata Hafsa take karantawa.

Da ta ritsa ni sai na dake: "Ai na karanta kafin in ƙona. Tifa ce ta take jarumin a hanyar Ringim."

Ni da ko allon kanti sai na yi gumi nake haɗa baƙinsa.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba, bai ga mahaifiyar tasa ba? Tun farkon littafin fa yake nemanta!"

Yau kwana uku ita da ƙawayenta na unguwar Yalwawa suna tsine wa marubucin. Abin da ya girgiza ni, ta rantse ta bar karatun littafi har abada.

Dole in nemo mata wani, in kuma amsa laifina a gabanta. Iyaye, da wanne zan fara?