Barcin Tukur Mai Shinkafa

Idan ka shiga Talata Mafara ka tambayi Tukur Mai Shinkafa, wasu za su yi jim suna tunani. Amma ka ce Tukur Gyangyaɗi, nan take za a washe baki a nuna maka gidan. Mutum ɗaya ne, kuma sunan na biyu yana ƙona masa rai ba kaɗan ba.

A Ruwan Gizo aka haife shi, ya tashi da fartanya a kafaɗa. Ya gaji filin noman rani a wajen Bakura, inda ruwan dam ɗin Bakolori ke bi ta magudana, kuma da shinkafar filin nan ya gina gida ya karantar da 'ya'yansa. Kullum bayan asuba yana kan babur, kafin rana ta yi zafi ya shiga taɓo har gwiwa. Ba wanda ya taɓa kiransa raggo sai da ya haura hamsin, tumbi ya fito, wuya ya yi kauri, barci ya sa shi gaba. A ɗaurin aure ya yi, a layin taki ya yi, an taɓa samunsa da lomar tuwo a hannu kai ya lanƙwashe. Munsharinsa kuwa, maƙwabta ma sun san shi.

Ana ta dariya har ranar da barci ya ɗauke shi a kan babur, ya zarce cikin magudanar ruwa. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Matarsa Sa'adatu ba ta yi dariya ba. Ta karɓe makullin babur ta ƙulle a haɓar zaninta, ta ce ko Limamin gari ya zo roƙo ba za ta bayar ba. Ga dashe ya matso, ga 'yan'uwa sun fara cewa ya ba da gonar haya ya zauna gida ya huta. Tukur kuwa, a raba shi da gonar nan daidai yake da a ce masa ya gama amfani a duniya.

Ana cikin haka ɗiyarsa Bushra ta zo hutu. Ita ce ta yi karatu mai zurfi a ƙasar waje a kan ƙwaƙwalwa, tana ɗaukar hotonta a lokacin da mutum ke barci don a ga abin da take yi. An gaya wa Tukur cewa masana a ƙasashe da yawa suna kafa hujja da rubuce-rubucenta, sai ya fahimci abin a tsarin zaure: wato in malaman duniya za su yi maganar barci, sai sun ce "Bushra ta ce." Yakan buga ƙirji a majalisa ya ce, "Ni ka yin barcin, ita aka ba digiri!"

Bushra ta saurari labarin magudana, ta ce, "Baba, wannan ba abin wasa ba ne. Gobe bayan azahar za ka kwanta in sa maka na'ura in ga barcin nan da idona."

"In lahiya lau nike, uwarki ta ba ni makullina?"

"Mu gani tukuna."

Washegari aka shimfiɗa masa katifa a falo. Ta sa masa wata hula mai wayoyi, ta ɗaura masa ɗamara a ƙirji, ta maƙala wani abu a yatsansa, ta zauna gaban kwamfuta. Aiki ɗaya ya rage wa Tukur, aikin da ya fi kowa iyawa a garin. To, amma wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta hango shi kwance da wayoyi a ka. Kafin la'asar labari ya kai Damri cewa Tukur ya kwanta rai a hannun Allah.

Wayyo, 'yan dubiya! Mata da kwanonin kunu, maza da lemo a leda. Da zarar idonsa ya fara lumshewa sai a ji "Salamu alaikum," shi kuwa ba a haifi Tukur da zai amsa gaisuwa a kwance ba. Sai ya miƙe zaune, wayoyi na reto, ya ba da hannu, a gaisa tun daga gajiya har zuwa yara. Bushra ta fita ta yi bayani cewa lafiyarsa lau, barci kawai ake so ya yi. Suka ce Allah sarki, ai ba za su daɗe ba, sannu kawai za su yi masa. Wa zai kori mai dubiya? Bushra, dakta guda, ta koma ta zauna ta rafka tagumi.

Sai ga Alhaji Murtala daga Maradun, ɗan baffan Tukur, mutumin da in ya tare ka da gaisuwa a bakin kasuwa sai ka nemi inuwa. Bushra na ganinsa ta fid da rai. Ya zauna a gefen katifa, ya riƙe hannun Tukur, ya fara a hankali da muryar nan tasa mai ja: ina wuni, ina gajiya, ina jiki, ina iyali, ina ruwa. Tukur ya jingina da bango yana amsawa, "Lahiya lau. Madalla." Amsar ta dinga yin ƙasa. Kai ya karkace. Bushra ta dubi kwamfuta, ta zaro ido, ta yi wa Alhaji alama da hannu tana raɗa, "Baffa, don Allah kada ka tsaya!"

Tun da yake, ba a taɓa roƙon Alhaji Murtala ya ƙara gaisuwa ba. Ya gyara zama. Ya gaida mutanen Bakura gida gida, ya gaida awaki da zabi, da abin ya ƙare masa ya tambayi lafiyar jakin Tukur da ya mutu tun Bushra na firamare. Tukur ya ce "Lahiya lau" daga cikin barci, ya ja munshari. Matan da ke bakin ƙofa suka toshe baki da mayafi.

Da ya farka Bushra ta nuna masa. Yana barci numfashinsa na yankewa, maƙogwaro ya toshe, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ba tare da ya sani ba, haka a kai a kai. Ta ce, "Baba, ka yi shekaru ba ka sami barcin kirki ba, kuma a haka kake zuwa gona."

Idon Tukur ya kawo ruwa. "Ashe ba ragganci ba ne," in ji shi. Ya share fuska ya ce, "To makullin hwa?"

"Ba yanzu ba, sai an yi magani."

"Na sani! Kin haɗa kai da uwarki."

Ta kai shi Sakkwato aka sake gwaji, aka zura shi cikin injin hoton ƙwaƙwalwa, aka ce kan nan garau yake. Ta kawo masa na'urar da ke hura masa iska ta hanci in ya kwanta, aka haɗa ta da sola. Ya yi mita, ya ce an sa masa takunkumi kamar raƙumi, amma ya jure. Dashen bana a bayan babur ɗin maƙwabci ya je shi, yana cika yana batsewa. Sannu a hankali aka ga ya ji huɗubar Juma'a tun daga farko har ƙarshe ido biyu.

Wata safiya, shinkafa ta fara fitar da kai, Sa'adatu ta fito da hijabinta. Ta kwance haɓar zani ta miƙa masa makulli. Yana tayar da babur sai ya ji an hau bayansa, an riƙe rigarsa gam.

"Malam, ja mu tahi," in ji ta. "Kuma ta bakin magudanar nan za ka bi."

Daɗi ya hana Tukur magana. Har suka fita gari hon kawai yake dannawa, ga wanda ya sani da wanda bai sani ba.